Kiɗanmu yana guduwa a wajen biki, ina mafita?

Auwalu Fiyano: Salamu alaikum 'yan uwa makaɗa da mawaƙa. Yau dai ƙarar kanmu na kawo. Mu takwas ne a ƙungiyarmu: ni a kan fiyano, mai jita ɗaya, mai gangunan Bature, masu kalangu biyu, sai zabiyarmu da 'yan amshinta biyu. Ranar Asabar muka yi wasa a wata dina, wani yaro ya ɗauke mu a waya tun daga farko har ƙarshe. Da na dawo gida na saurara sai kunya ta rufe ni. Waƙar da muke shigo da amarya da ita, na auna ta da manhajar nan da ake dangwalawa da yatsa, mun tashi a kan bugu 104 a minti ɗaya, kafin mu dire mun kai 122. Ba wanda ya ce a ƙara, ba kuma wanda ya ji lokacin da aka ƙara. Zabiya sai haki take, uwar amarya da ta fito taka rawa ta koma ta zauna. Abin haushin, a wajen rihazal ba ma yin haka, ko mun zame bai wuce biyu ko uku ba. Mai ganga ya ce ni ne, ni na ce masu kalangu ne, masu kalangu suka ce su bin mu suke yi. Don Allah wanda ya san maganin wannan ciwo ya taimaka.

Nazifi Situdiyo: Wa alaikumus salam. Ai maganin yana aljihunka. Ku saka metironom, wato injin nan mai ƙirga bugun kiɗa, a kunnen mai ganga, ya riƙa jin ƙwas-ƙwas ɗin nan daga farko har ƙarshe, kowa ya bi shi. Mu a situdiyo ba a ɗora ko tafi sai da shi. Magana ta ƙare.

Dije Ɗan Gayu: Ko kuma ku bar mana aikin. Kwamfutata ba ta taɓa yin haki ba.

Anti Ladidi Zabiya: Dije, kwamfutarka ta san sunan kakan ango? To yi mana shiru. Auwalu, ɗana, ni ta ɓangaren mai waƙa zan yi maka magana, don mu ne muke shan wahalar. Shekara ashirin da wani abu ina riƙe da makirfo. Duk baitin da ka gani, an auna shi da numfashi. Idan kiɗa ya ƙara gudu, wurin da nake zuƙar iska shi ne yake fara ɓacewa, daga nan sai ka ji ina haɗiye ƙarshen kalma. Hausa kuma ba ta son a haɗiye ta, in ka matse doguwar gaɓa ta zama gajera, kalmar ma ta tashi daga ma'anarta. Kuma ka lura da wurin da abin yake faruwa, ba ko'ina ba ne. A wajen amshi ne, sannan da lokacin liƙi. Da zarar Hajiyoyi sun taso da jakunkuna, aka fara guɗa, sai hannun yaran nan ya fara rawa. Koma ka sake sauraron abin da aka ɗauka, za ka ce na faɗa maka.

Auwalu Fiyano: Wallahi Anti kamar kina wurin. Na koma na saurara. Baiti na farko da na biyu muna 104 zuwa 106. Da ƙawayen amarya suka fito liƙi muka haura 113, ba mu sake saukowa ba. Sai da dangin ango suka fito muka ƙara wani tsallen.

Nazifi Situdiyo: To ka gani. Inji ba ya ganin kuɗi. Shi ya sa na ce a sa shi.

Anti Ladidi Zabiya: Nazifi, inji ba ya ganin kuɗi, shi ya sa ba ya cin abinci. Idan Hajiya ta fito da bandir ɗin sababbin kuɗi tana taku ɗai-ɗai da goggoro, ni zan ce mata ta yi sauri don ƙwas-ƙwas ya ce 104? Wani lokaci dole a sassauta mata, a ja kirari, a maimaita amshi sau goma. Biki ba situdiyo ba ne.

Nazifi Situdiyo: Anti, ki yi haƙuri, abu biyu kika haɗa. Maimaita amshi sau goma ba ya taɓa gudun kiɗa, tsawon waƙa yake ƙarawa. Metironom bai hana ki yin awa ɗaya a kan amshi ɗaya ba. Abin da yake hana tsawaitawa shi ne kiɗan da aka riga aka ɗauka ake sakowa daga filashi, wannan kam in ya ƙare ya ƙare. Sassautawa da gangan kuwa, mai ganga ya danna ya kashe shi, ya bi ki.

Baba Sarkin Kiɗa: Jikansa ne yake rubutawa, na karanta masa duk abin da aka ce, ga amsarsa. Ya ce a gaida Auwalu, a tambaye shi: a cikin masu kalangun nan biyu, wane ne yake magana, wane ne yake riƙe? Ya ce in duk su biyun magana suke yi, to a nan ɓarakar take. A yadda suka gada, babban kalangu shi ne mai baki, shi yake kiran suna, ya yi habaici, ya fita ya dawo. Amma a bayansa akwai ƙaramin kiɗa, kuntuku ko ɗan karɓi, wanda ba ya cewa komai sai abu ɗaya, daga tashi har direwa. Shi ne turke. Ya ce shi shekara huɗu ya yi yana kanzagi a bayan mahaifinsa kafin a bar shi ya rataya babban kalangu, kuma duk ranar da ya yi wa kiɗan ado sai ya sha makaɗi a ka. Ya ce yaran yanzu kowa so yake a ji hannunsa, an bar turke ba kowa, ya za a yi akuya ba ta shiga gonar mutane ba? Ya ƙara da cewa ku je ku tsaya inda mata suke lugude, su uku a turmi ɗaya. Wadda ta yi gaggawa taɓaryarta ce za ta haɗu da ta 'yar uwarta. Ba su da inji a kunne, juna suke ji.

Auwalu Fiyano: Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Gaskiya duk su biyun magana suke yi, har gasa suke yi da juna in taro ya yi taro. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin matsala ba, ni a ganina armashi ne.

Baba Sarkin Kiɗa: Ya ce armashi ne in da mai riƙe musu gida.

Saje Mai Ritaya: Ina gaida Baba. Maganarsa ita ce dai abin da aka koya mana a badujala, da wasu kalmomi daban. A fareti taku 120 ne a minti ɗaya idan maci mai sauri ne, na sannu kuma wajen rabin haka. Babbar ganga ita ce doka, tana sauka tare da ƙafar hagu. Mai busa ƙaho ko ya fi kowa iyawa ba shi da iko ya ja ta ko ya tura ta. Abin da zan ƙara shi ne, jiki yana yaudarar mutum. A gaban jama'a zuciya tana bugawa da sauri, sai kiɗan da yake daidai ka ji kamar yana jan ƙafa, ka ƙara masa kaɗan don ka gyara. Na kusa da kai ya ji ka ƙara, shi ma ya ƙara don kada a bar shi a baya. Da haka da haka ake zuwa 122, kuma kowa zai rantse ba shi ba ne, kuma duk gaskiya suka faɗa. Na biyu, mutane suna haɗa ƙarfi da sauri. Ka ce wa yaro ya buga da ƙarfi, sai ya ƙara gudu. Ka ce ya sassauta hannu, sai ya rage gudu. Mu sai da aka raba mana su da horo: layi ɗaya a buga shi a hankali kamar raɗa, a sake buga shi kamar za a fasa fata, ƙafa kuwa tana nan a inda take. Ku gwada wannan a rihazal, minti goma kullum. Maci na sannu shi ya fi ba mu wuya, don tazarar da ke tsakanin bugu da bugu tana da faɗi, a cikinta mutum yake ɓata. Dabarar ita ce ka cike tazarar da ƙananan ƙirga a zuciyarka.

Isiya Ganga: Salamu alaikum. Ni ne mai gangunan da ake magana a kai. Oga Auwalu bai san ina cikin zauren nan ba.

Dije Ɗan Gayu: Yau ake yin ta!

Auwalu Fiyano: Isiya, ai ban kama sunanka ba. Kai ka tona kanka.

Isiya Ganga: Ba komai Oga, gyara muke nema. Na yarda ina zamewa a wajen juyi, wato lokacin da nake zagaye gangunan in shigo da amshi. Na saurara na ji, ina dawowa kafin lokaci da ɗan kaɗan, kuma duk amshi sai na yi juyi. Amma ni ma a ji tawa. A daren nan an ajiye ni a can lungun dandamali, ba monita a gabana, wato sifikar da makaɗi ke jin sauran 'yan ƙungiya ta cikinta. Fiyanon Oga ba na jin ta kai tsaye, sai wadda ta dawo daga bangon ƙarshen hol ɗin. Hannunsa nake gani ya sauka, sautin kuma ya iso daga baya. Na rasa wanda zan bi, ido ko kunne. Masu kalangu kuma sun sauka sun shiga cikin 'yan rawa suna bin masu liƙi.

Injiniya Kabiru: Yawwa, yanzu aka zo wurina. Isiya bai yi ƙarya ba, lissafi ne. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa ɗaya, in ana zafi ya ɗan fi haka kaɗan. Idan bangon ƙarshen hol yana da nisan mita 20 daga dandamali, zuwa da dawowa mita 40 ke nan, wato sautin zai dawo kunnenka bayan fiye da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. A kiɗan da ke tafiya 120, kowane bugu rabin daƙiƙa ne, ka ga jinkirin ya cinye sama da kashi ɗaya cikin biyar na bugun. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wajen makaɗi. Galibin holunan bikinmu tayil ne a ƙasa, siminti a bango, ga rufin kwano, ba abin da ke shanye sauti sai jikin mutane. Shi ya sa gwajin sauti da kuka yi da la'asar ba kowa ya bambanta da abin da za ku ji da daddare. Shawarata guda uku ce kuma ba ta cin kuɗi sosai. Mai ganga da mai fiyano da mai riƙe ƙaramin kalangu su zauna kusa da juna, inda za su ji juna ko an ɗauke wuta. A samar wa mai ganga monita tasa, kada a cika masa ita da komai da komai, a sa masa murya da fiyano kawai. In kuma za a sa metironom a kunne, a yi amfani da iyafis mai waya. Na Bluetooth yana da jinkiri. Ga ƙwas-ƙwas shi kaɗai jinkirin ba zai dame ka ba, amma ranar da ka ce za ka ji sauran makaɗa ta cikinsa, ka shiga uku.

Nazifi Situdiyo: Injiniya ya gama magana. Amma har yanzu ina kan bakana, a sa inji.

Isiya Ganga: Na taɓa gwadawa, Oga Nazifi. Ni ina bin inji, mutum bakwai suna ja na gaba. Minti biyu na ji kamar ana raba ni gida biyu, na fizge shi daga kunne.

Malam Bello Mai Koyar da Kiɗa: Abin da ya sami Isiya shi yake samun duk wanda aka ɗora wa inji shi kaɗai. In ƙungiya ba ta saba da shi tare ba, ranar wasa ba ranar koyo ba ce. Kuma wannan gardamar taku ta girmi kakanninmu. A shekarar 1815 wani Bajamushe mai suna Maelzel ya yi wa metironom rajista da sunansa, duk da cewa wani mai suna Winkel a birnin Amsterdam ya riga shi ƙera irinsa. Beethoven, mashahurin mai tsara kiɗan Turai, yana cikin na farko da suka rubuta lambobin gudu a kan kiɗansu, amma har yau makaɗan Turai suna musu a kan lambobin nan, da yawa suna ganin sun yi sauri. Su da suka ƙirƙiro abin ma ba su miƙa masa wuya gaba ɗaya ba.

Ni yadda nake amfani da shi da ɗalibaina, madubi ne. A sa shi a sifika kowa ya ji, a buga amshi da shi. Sai a saita shi ya yi zagaye huɗu yana bugawa, zagaye huɗu ya yi shiru, ku kuna ci gaba. Idan ya dawo za ku ga ko kun riga shi ko ya riga ku, ba mai musu da wani. Manhajoji da yawa na waya suna yin wannan kyauta. In kun ƙware, ku rage shi ya riƙa bugawa sau ɗaya kawai a kowane zagaye. Da haka ake mayar da agogon cikin jiki.

Akwai kuma wani tarko da ya shafi kiɗanmu musamman. Da yawan kiɗan Hausa a kan shida yake zagayawa. Wani yana jin shidan nan a matsayin manyan taku biyu, wani yana jin ta taku uku. Waƙa ɗaya ce, amma in na farko ya auna ya sami 100, na biyu zai sami 150. To in mai fiyano ya ɗauko salon da ke cikin injinsa mai ƙirga huɗu ya ɗora, mai kalangu kuma yana jin uku, za su yi ta jan juna ba su san dalili ba. Kafin ku rubuta lamba, ku fara yarda a kan inda ƙafa take sauka. Ku ajiye kayan kiɗa, ku tashi tsaye ku taka waƙar da ƙafa kuna tafi. In ƙafafunku ba su haɗu ba, hannuwanku ba za su haɗu ba.

Mahamadu Damagaram: Ina gaida mutanen Kano. Ni ina da ja kaɗan. Kuna magana kamar duk ƙarin gudu laifi ne. Ku zo bikin Agadas ku ga masu jita, waƙa za ta tashi a natse, ganga ta yi ta ƙara wuta har ƙura ta tashi, kuma abin da jama'a suka zo nema ke nan. Wanda ya taɓa kallon wasan Mdou Moctar, mai jitar nan na Nijar, ya san haka. Ko a Yamai, 'yan ƙungiyar Tal National gudu suke yi kamar ana korar su, amma ba ka jin wani ya bar wani a baya. In kuka ɗaure kiɗa da inji za ku kashe wannan.

Saje Mai Ritaya: Mahamadu, doki ya yi sukuwa don mahayi ya sake masa linzami daban, doki ya ƙwace daban. Su waɗannan sun san za su ƙara, sun san wanda zai ja su. Su Auwalu ƙwacewa ya yi.

Mahamadu Damagaram: Na karɓa, Saje. To sai su ware waƙoƙin da za a sake wa linzami, kada su hana kansu gaba ɗaya. Mu a repetisiyo, wato rihazal, muna da alama, mai jita ya ɗaga kan jitarsa sama, kowa ya san an buɗe hanya.

Hajara Kayan Mata: Salam, akwai leshi da atamfa masu sauƙin kuɗi, a duba shafina.

Shugaban Zaure: Hajiya Hajara, nan ba kasuwa ba ce. Na goge hotunan. A ci gaba.

Anti Ladidi Zabiya: Wani abu da ba wanda ya ambata: tashin waƙa. Rabin matsalar tun daga ƙirgan farko take. An gama waƙa mai zafi, jini yana tafasa, sai mai ganga ya ƙirga ta gaba da zafin waccan. Ni dokata, kafin a tashi kowace waƙa mai ganga ya dube ni, in rera amshin a hankali a bakina, ya ɗauki gudun daga nan. Amshi ne ma'auni, don shi ne wurin da kalmomi suka fi cunkushewa. In amshi ya zauna daidai a baki, sauran waƙar za ta zauna.

Nazifi Situdiyo: To ga sulhu, tunda an taru a kaina. Ku rubuta lambar kowace waƙa a jikin takardar jerin waƙoƙinku. Isiya ya ajiye waya a gefensa, ya kashe ƙarar metironom ya bar hasken da ke walƙiya. Ya kalle shi ya ƙirga tashi, sannan ya kawar da kai. In an fito daga liƙi ya saci kallo ya ga inda aka kwana. Ba a kunne ba, ba kuma dole ba.

Baba Sarkin Kiɗa: Na karanta masa. Ya yi dariya ya ce wannan ɗan hasken shi ne kuntukun 'yan boko, ba laifi. Amma ya ce a gaya wa Isiya, in ya ga an haura kada ya taka birki lokaci ɗaya, 'yan rawa za su yi tuntuɓe kuma kowa zai gane. A jira gaɓa, inda zabiya ta shiga kirari ko aka yanke kiɗa aka bar tafi, a dawo da shi a nan. Ya kuma ce a duba fatar ganga da damina, in ta saki sandar kiɗa ba ta tashi daga kanta da wuri, hannu ya gaji, kiɗa ya yi nauyi. A shanya ta ko a nuna mata wuta kafin a fara.

Auwalu Fiyano: Jama'a na dawo da rahoto, kwana tara ke nan. Mun yi rihazal huɗu. Ranar farko da muka gwada dabarar Malam Bello ta yin shiru, inji yana dawowa ya tarar mun yi masa nisa, kuma ni ne na fara isa, ba Isiya ba. Hannuna na hagu ne yake turawa. Na ba shi haƙuri a gaban kowa. Masu kalangu mun raba musu aiki kamar yadda Baba ya ce, sai dai ƙaramin ya yi fushi, wai an mayar da shi yaro, har sai da muka yarda za su riƙa musanya waƙa bayan waƙa. Jiya muka yi wasa a wani kamu. Waƙar shigo da amarya mun tashi 104, mun dire 109.

Saje Mai Ritaya: Biyar a gaban jama'a ba abin kunya ba ne. Ku ci gaba da horon ƙarfi da sassauci.

Isiya Ganga: Oga bai faɗi sauran ba. Muna tsakiyar waƙa ta huɗu janareto ya mutu, fiyano da jita da makirfo duk suka ɗauke. Ni da ƙaramin kalangu muka riƙe, mata suka karɓa da tafi, wajen minti biyu. Da wuta ta dawo Oga ya faɗo daidai kan amshi.

Anti Ladidi Zabiya: Madalla. Zabiyar taku fa, ta samu numfashi?

Auwalu Fiyano: Ta samu Anti, har ta ce a gaishe ki. Sai dai wata sabuwa ta ɓullo. Ƙanwar ango ta zo har dandamali ta ce kiɗanmu ya yi sanyi, a ƙara wuta, wai na bikin yayarta ya fi zafi. Bikin yayar tata kuwa shi ne wanda muka kai 122.

Mahamadu Damagaram: Ban faɗa muku ba?

Nazifi Situdiyo: To ku rubuta 122 a takarda ku ajiye mata, ranar nata bikin sai ku tashi a kai tun daga farko.

Anti Ladidi Zabiya: Ku nemo wata zabiyar ranar, kada ku kashe 'yar mutane.